Yadda ake shuka lemo, gwaiba da fulawa a cikin duro a ɗan filin ƙofar ɗaki a Legas

Lemon tsamina na farko a Legas ni na kashe shi da hannuna, da bokitin ruwa. Na saye shi wajen masu saida shuke-shuke a bakin titi a Ikeja, ganyensa kore shar sai sheƙi yake, na kawo shi gida Agege na dasa a bokitin fenti da ƙasar da na kwaso a bayan gida, sannan na shiga yi masa abinda muka saba yi a Zariya, ruwa da asuba ruwa da yamma. Watan Yuni ne fa, sama na zubawa ni ma ina zubawa. Sati 3 ganye ya fara zama rawaya, nace ƙishi ne na ƙara ruwa. Ranar da na tumɓuke shi saiwar tayi baƙi ta ruɓe tana wari kamar kwata, ƙasar kuma ta dunƙule kamar tuwon laka. Maman yara ta leƙo tace ai kai ka shayar da shi har lahira.

Wani dattijo ɗan wajenmu da ya daɗe yana aikin lambu a gidajen masu kuɗi a GRA, muna haɗuwa a masallaci, shi na kai wa ƙara. Nace Baba me nayi ba daidai ba? Ya tambaye ni huda nawa nayi wa bokitin, nace guda 2. Yayi dariya yace "ɗana, a gida ruwa ake nema wa shuka, a nan garin hanyar fita ake nema wa ruwan." Toh daga nan na sake lale. Yanzu a ɗan filin da ke ƙofar ɗakina, wanda bai wuce taku 4 a tsaye taku 3 a kwance ba kuma duk siminti ne, ina da lemon tsami 2, gwaiba 1, lalle, kariya da bogenbiliya, kuma lemon da muke matsawa a shayi da kunun gyaɗa ba na kasuwa bane. Ga yadda nake yi daga farko.

Kafin ka sayi komai ka fara da lanlod, ko kiyateka in shi ne a kusa. Gidan haya ne, wani mai gidan zai ce ruwa na ɓata masa bango, wani zai ce kana tara sauro, gara ku yi maganar tun tukunyar ba ta shigo ba. In a bene kake kuma a baranda zaka ajiye, ka sani rabin duro cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai nauyin buhun siminti 3, don haka kar ka jera guda 5 a bakin baranda, ka matsa su jikin bango ko kusa da ginshiƙi, in ginin tsoho ne kuma ka tsaya a kan bokitin fenti kawai.

Sai rana. Ka ɗauki yini ɗaya da kake gida, Lahadi misali, ka riƙa leƙawa tun hantsi kana duba inda rana take sauka da lokacin da take barin wurin. Lemo da gwaiba da bogenbiliya suna son awa 6 na rana kai tsaye, in ƙasa da awa 4 ne zaka samu ganye mai kyau amma 'ya'ya sai dai ka gani a gidan wani. Akwai abinda ya ruɗe ni da farko, Legas tana kusa da tsakiyar duniya, daga wajen Afrilu zuwa farkon Satumba rana da tsaka tana ɗan karkata ta arewa, sauran watannin kuma ta kudu, kaga kenan lungun da yake cikin rana a Disamba zai iya zama cikin inuwar katanga a Yuni. Shi ya sa tukunya ta fi shuka a ƙasa wani sa'in, kana iya janta. Ka kuma nisanta su da bakin salansar janareta da bayan injin AC inda yake huro iska mai zafi, ganye na ƙonewa a wurin. Da kuma daidai inda ruwan kwano yake zubowa daga indararo, nan ma a'a.

Yanzu mazubi. Duron roba shuɗin nan mai lita 200 in aka raba shi biyu shi ne sarki, kowane rabi ya ishi lemo ko gwaiba shekaru. Ka tambayi me aka zubo a ciki, in na kayan abinci ne shikenan, in na kemikal ne da ba ka san kansa ba ka bar musu kayansu tunda ci zaka yi. Bokitin fenti mai lita 20 ya ishi lalle, kariya, bogenbiliya, da ƙaramin dashe a shekararsa ta farko. Ni ma bana ɗaukar ɗan tsurut ɗin dashe in jefa a rabin duro kai tsaye, ƙasar ta yi masa yawa, saiwarsa ba za ta iya shanye ruwan ba sai ya kwanta a ƙasan ya yi tsami. Bokiti tukuna, bayan wata 8 zuwa shekara sai a yi masa ƙaura. Tukunyar siminti da ake saidawa a bakin titi tana da kyau ga ido amma ranar da lanlod ya baka notis zaka gane kurenka wajen ɗauka. Baƙar roba kuma tana ɗaukar zafi a Fabrairu da Maris har ta dafa saiwar da ke jikinta, in ita ka samu ka shafa mata farin fenti ko ka naɗe ta da buhu.

Huda, nan ne wajen da na faɗi, don haka zan daɗe a kai. Ka sa ƙusa mai inci 6 ko guntun rodi a wuta ya yi ja, ka huda gindin. Rabin duro huda 12 zuwa 15, kowace ta kai kaurin ɗan yatsa, bokiti kuma 8. Sannan ka ƙara wasu 5 ko 6 a gefe, can ƙasa kamar faɗin yatsu 2 daga gindi, saboda na ƙasan suna toshewa da laka in an daɗe. Bayan haka kar ka ajiye duron a kan siminti kai tsaye, ka ɗora shi a kan bulo 3 ko guntayen tayil masu kauri yadda zaka iya zura hannunka ƙarƙashi. Amfanin biyu ne, ruwa zai fita, kuma ranar da aka kwana ana ruwa tsakar gida ta cika, wanda duk ɗan Agege ya san wannan, tukunyarka ba za ta zauna cikin ruwan kwata ba. Kar ka sa faranti ko tire a ƙasa don tare ruwa, gidan sauro ne kawai.

Mutane da yawa za su ce ka zuba tsakuwa a gindin tukunya kafin ƙasa. Na yi, ba ta taimaka ba. Ruwa baya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa cikin tsakuwa, sai ya tsaya a saman tsakuwar, ka ga ka matso da jiƙar kusa da saiwa kuma ka rage wa bishiyar wuri. Abinda nake yi yanzu shi ne in shimfiɗa guntun tsohon gidan sauro ko buhun albasa a kan hudojin don ƙasa kar ta zube, shikenan.

Haɗin ƙasa. Jar ƙasar cikon gini da lakar bayan gida duk ka manta da su, su ne suke zama bulo. Da bokiti ɗaya nake awo: baƙar ƙasa bokiti 2, yashin gini mai garas-garas bokiti 1, ruɓaɓɓen taki bokiti 1, sai rabin bokiti na dugu-dugun gawayi, wannan ragowar da ke ƙasan buhu wajen masu saida gawayi, kusan kyauta suke bayarwa. In ka samu ɓuntun shinkafa ka ƙara rabin bokiti, yana sa ƙasa ta yi sako-sako. Yashin Legas da yawa daga cikin ruwa ake haƙo shi kuma wani yana da gishiri, ka zuba shi a buhu ka kwarara masa ruwa sau 2 ko 3, ko ka bar shi a waje ruwan sama ya wanke. Taki kuwa mu 'yan Agege Allah ya hutar da mu, ga mayankar Oko-Oba nan kusa, kashin shanu ba ya yankewa. Amma ɗanye kar ya kusanci shukarka, musamman kashin kaji, zafinsa ƙona saiwa yake. Ka tara shi a buhu ka ajiye a inuwa wata 2 zuwa 3 kana ɗan juyawa, sai ya yi baƙi ya daina wari ya koma kamar ƙasa. In zaka gwada haɗin, ka jiƙa shi kaɗan ka dunƙula a hannu, ya kamata ya dunƙulu amma kana taɓa shi da yatsa ya wargaje. In ya tsaya kamar ƙwallon fura ka ƙara yashi.

Toh me zaka shuka? Ni dai ra'ayina lemon tsami shi ne na ɗaya, yana jure zaman tukunya, yana yin 'ya'ya fiye da sau ɗaya a shekara, kuma ko guda 10 ya baka ka ga amfaninsu a kicin. Gwaiba ta biyu, ba ta da tsirfa ko kaɗan. Tanjarin da lemon zaƙi suna yi amma sun fi son wuri da haƙuri. Fasadabur ma yana zama a rabin duro. Gwanda tana bada 'ya'ya cikin shekara ɗaya, sai dai ka shuka iri 3 ko 4 a wuri ɗaya ka jira fure don ka cire namijin, mai dogayen sillayen fure da ke rataye, kuma ita ce ta fi kowa saurin mutuwa in ruwa ya kwanta mata kwana 2. Rumman na san muna sonsa, amma ɗan busasshiyar ƙasa ne, laimar Legas tana sa furensa zubewa, wanda ya ƙulla kuma ya tsage ko ya ruɓe a jikin reshe. Mangwaro a tukunya sai irin gajeren nan da ake kira Julie, kuma ɗan aure (bayanin aure na tafe a ƙasa), shi ma furensa yana baƙi saboda danshi, ban ba sabon shiga shawara ba. Dabino kuwa dan Allah a bar shi a Jigawa.

Wajen saye ka nemi ɗan aure, wato wanda aka ɗauko ido ko reshen bishiya mai haihuwa aka haɗa a kan saiwar wani. Ɗan aure yana fara 'ya'ya a shekara 2 zuwa 3, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa lemo yana iya kai ka shekara 5 zuwa 7 kana kallon ƙaya. Kowane mai saidawa zai ce maka nasa na agirik ne, kar ka saurari baki, ka tsuguna ka duba gindin, kamar tsawon tafin hannu ko fiye daga ƙasa zaka ga tabo ko ɗan lanƙwasa inda aka yi haɗin. Babu tabo babu aure. Ka juya ganyen ka duba bayansa ko akwai fararen ƙwari, ka ɗaga ledar, in saiwa ta fasa ta shiga ƙasa har sai an fizge ta da ƙarfi ka zaɓi wani. In kana da mai zuwa Ibadan, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa NIHORT tana can tun 1975, kuma dashen lemo yana cikin aikinsu, ya fi kwanciyar hankali a kan na bakin titi.

Dasawa da yamma ake yi bayan la'asar. Ka shayar da dashen a ledarsa awa ɗaya kafin nan. Ka zuba haɗin ƙasa a mazubin har inda in ka ɗora dashen saman ƙasarsa zai tsaya kamar yatsu 3 ƙasa da bakin mazubi. Ka yanka ledar da reza, kar ka jawo shi ta wuya. In saiwar ta nannaɗe a gindi kamar gammo ka warware ta a hankali da yatsu, wadda ta ƙi ka yanke. Ka zaunar da shi a tsakiya ka cika gefe kana dannawa da tafin hannu, ba da ƙafa ba. Abu ɗaya da zaka kiyaye, kar ka binne shi fiye da yadda yake a leda, tabon auren nan kuma ya zauna a sama nesa da ƙasa, in ka binne wuyan lemo ɓawon yana ruɓewa ya fara fitar da ƙaro. Sai ka kwarara ruwa har ka ga yana fita ta ƙasa, ka tsaya ka gani da idonka, in ruwa ya tsaya a sama ya wuce minti 2 bai nutse ba haɗinka ya yi laka da yawa, gara ka juye ka gyara yau da ka yi jana'iza wata mai zuwa. Sati ɗaya a inuwa mai haske, sannan ka fito da shi rana. Ka rufe saman ƙasar da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa amma ka bar fili kewaye da gindin.

Ban ruwa ba shi da jadawali, yatsa ne ma'auni. Ka tura yatsanka cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in ka ji danshi ka ajiye bokitinka ka tafi aiki, in a bushe ne ka zuba sosai har ya fita ta ƙasa. 'Yar yayyafa kullum ita ce mafi muni, saiwa sai ta taru a sama. Daga Afrilu zuwa Yuli, musamman Yuni da ruwa ya fi ƙarfi, ina iya yin sati 3 ban zuba ko kofi ba, aikina a lokacin shi ne in sa tsinke in zungure hudojin da suka toshe. A Agusta ruwa yakan ɗan ɗauke, nan mutum yake shagala yana ganin ai damina ce, ka koma gwajin yatsa. Satumba da Oktoba ruwa ya dawo. Daga Disamba zuwa Maris kuwa rabin duro yana son ruwa duk bayan kwana 2, bokiti kusan kullum da safe. Ganyen da ya sha ruwa da yawa da wanda yake jin ƙishi duk langaɓewa suke, abinda ya yaudare ni kenan, bambancin yana cikin ƙasa.

Wane ruwa? Na sama ya fi kowanne, ka tara a duro mai murfi saboda sauro. Ruwan da ke ɗiga daga AC ma mai kyau ne, ka tara masa roba. Ni a gefen gwaiba nake alwala, ruwan buta yana sauka cikin wani ɗan baho in juye mata, haka ruwan wankin shinkafa. Na wanki mai omo ko bilic a'a. 'Yan'uwa da ke wajen Lekki da Ajah da yawa ruwan bohol ɗinsu yana da gishiri-gishiri, alamarsa zaka ga fari-fari a saman ƙasa da bakin roba kuma bakin ganye yana ƙonewa, in haka ne duk wata ka kwarara ruwa mai daɗi da yawa ya wanke ta ƙasa. In zaka tafi gida Sallah a lokacin rani ka jawo su inuwa, ka huda murfin gorar ruwa da allura ka kifa ta cikin ƙasa, in kuma maƙwabci zaka bar wa amana ka ce masa duk kwana 3, don in ka ce ya kula da su kawai zai nuna maka ƙauna irin wadda na nuna wa lemona.

Abinci. Duk ruwan da ya fita ta ƙasa yana tafiya da ɗan taki, don haka bishiyar tukunya kullum a hannunka take ci. Wata 1 bayan dasawa nake farawa. Takin zamani NPK 15-15-15, cokalin cin abinci 1 ga ƙaramar bishiya a rabin duro, 2 zuwa 3 ga wadda ta girma, ƙaramin cokali 1 ga bokiti, duk sati 6. Ka barbaɗa a kewayen bakin mazubi nesa da gindi, ka ɗan tona ka rufe, ka ba da ruwa, kuma kar ka sa a busasshiyar ƙasa. Kowane wata 3 ina ƙara ruɓaɓɓen taki cikin tafi 4 a sama. In tsofaffin ganyen lemo sun yi rawaya amma tsakiyarsu wajen jijiya ya rage kore, ka jiƙa gishirin Epsom da ake samu a kemis, cokali 1 a lita 4 na ruwa, ka zuba sau ɗaya a wata har ya gyaru. In sababbin ganye ne suke fitowa fari-fari da koren jijiya, sau da yawa ƙasar ce ta jiƙe da yawa ko an cika mata toka. Toka kaɗan tana yi wa gwaiba amfani, lemo kuwa ka taƙaita masa.

Aski. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure ka cire shi da zarar ka gani, na saiwar ne, yana da ƙarfi da ƙaya, in ka bar shi zai cinye na saman ka wayi gari da bishiyar da ba ita ka saya ba. In dashe ya kai tsayin gwiwa zuwa cinya ka datse kansa ya yi rassa, ka zaɓi 3 ko 4 da suka kalli ɓangare daban-daban ka cire sauran. Tsakiyar bishiya a buɗe yadda iska za ta ratsa, a garin da kaya ke yin fumfuna a cikin wadrob ba sai an faɗa maka dalili ba. Gwaiba a sabon reshe take fure, in ka datse kan rassanta ka sa taki, bayan wasu makonni zaka ga toho da fure, daga fure zuwa nuna kuma kamar wata 4 zuwa 5. Furen shekarar farko na lemo ka tsinke shi, na san da ciwo, maman yara har cewa tayi ba ni da imani, amma itacen da bai kai kaurin babban yatsa ba in ya ɗauki 'ya'ya tsumburewa yake.

Ƙwari kuma akwai su. Wanda ya fi damuna shi ne farin nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, da ɗarɓa a kan sabon toho. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin bishiya to suna nan, kiwonsu take yi saboda zaƙin da suke fitarwa, zaƙin nan ne kuma yake sa ganye ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa na wanke-wanke a lita 1 na ruwa, in kana da man darbejiya ka ƙara ƙaramin cokali 1, ka girgiza ka fesa da yamma har bayan ganye, ka maimaita duk kwana 5 sau 3. Da rana tsaka ganye zai ƙone. In babu man, ka daka ganyen darbejiya ka jiƙa ya kwana ka tace. Akwai wata tsutsa a lemo da take kama da kashin tsuntsu tana ƙarama, daga baya ta zama koriya, kwana 2 ta ishe ta ta yi wa ƙaramin dashe tsirara, hannu kawai zaka sa ka ɗauke. Dodon koɗi da daddare yake fitowa a damina, tocilan waya ya ishe ka. Gwaiba kuma in ba ka so ka gutsura ka ga tsutsa, tun tana kamar ƙwallon goriba ƙarami ka sa mata riga, ko dai takarda ko farar leda da ka huda gindinta, ka ɗaure a reshe, ƙudan da ke saka ƙwai a cikinta ba zai samu wuri ba. Rigar tana kuma rage idon yaran maƙwabta, ban ce tana hanawa ba.

Masu fure ba su kai wannan wahalar ba. Bogenbiliya wulaƙanci take so, ƙaramin bokiti, rana mai zafi, ruwa sai ka ga ta fara langaɓewa, in ka riƙa lallashinta da taki da ruwa ganye da ƙaya kawai za ta baka, lokacin rani take cika da kala. Saiwarta tana da saurin karyewa, wajen dasawa ka bi a hankali. Kariya dai tamu ce ta daji, mai kumburarren gindi da jan fure, a nan Legas da tsada ake saida ta a matsayin fulawar gayu. Rabin haɗinta yashi ne, kuma daga Yuni zuwa Yuli ka shigar da ita ƙarƙashin rumfa inda ruwa baya dukanta, in ka matsa gindin ka ji ya yi laushi ta fara ruɓewa. Ruwan jikinta guba ne, ka ɗaga ta sama inda yara ba sa kaiwa kuma ka wanke hannu in ka yanka ta. Lalle reshe kawai na karɓo wajen wata Hajiya a Idi-Araba na soka a bokiti ya kama, furensa ƙanana ne farare amma ƙamshinsu da magariba yana cika tsakar gida, ganyen kuma mata sun gama rabawa tun kafin ya girma, ko da yake sun ce bai kai na gida kamawa ba.

Bayan shekara 2 zuwa 3 zaka lura kana zuba ruwa yana wucewa zar ta gefe, ko bishiyar tana langaɓewa kwana ɗaya bayan ban ruwa, saiwa ce ta cika duron. A farkon damina wajen Afrilu, ka nemi mutum ɗaya ya kama maka, ku kwantar da duron a kan buhu ku bubbuga gefensa ku zaro ta gaba ɗaya. Da wuƙa mai kaifi ka yanke kamar yatsu 3 na saiwa a kewaye da ƙasa, kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ka rage rassan sama daidai gwargwado, ka sake zungure hudojin, ka mayar da ita da sabon haɗi, sati 2 a inuwa ba taki.

In kuma gwaibarka ta yi daɗi har maƙwabta sun fara roƙon iri, kar ka basu ƙwallo. Ka zaɓi reshe mai kaurin fensir ko ɗan fi, ka zagaye ɓawonsa da reza sau 2 tazarar kamar gaɓar yatsa ɗaya, ka ɓare ɓawon tsakanin ka kankare santsin da ke jikin itacen, ka dunƙula jiƙaƙƙen ɓuntu da baƙar ƙasa cikin tafi ɗaya a wurin, jiƙar da in ka matse ruwa baya ɗiga, ka naɗe da farar leda ka ɗaure sama da ƙasa tam. Wata 2 zuwa 3 zaka hango fararen saiwoyi ta cikin ledar. Ka bari su ɗan yi ruwan ƙasa, ka yanke reshen daga ƙasan ƙullin, ka rage rabin ganyensa, ka dasa a bokiti ka ajiye a inuwa sati 3. Kafin ka miƙa wa mai roƙon ka juya bokitinsa ka ƙirga hudojin.